Turmin Kawu

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ran Talata da hantsi muka kai Kawu makwancinsa a Panshekara. Ƙanen mahaifiyata ne, ciki ɗaya, ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana walda a wata masaƙa a Challawa. Tari ne ya ci shi, irin tarin nan na masu walda, a hankali ba gaggawa.

Na zauna a ƙofar gidansa ina karɓar gaisuwa, kunnena yana kwasar abin da ake faɗa. Tsofaffin abokan aikinsa suna cewa in Kawu ya liƙe ƙarfe, sai dai ya karye ta wani wuri. Can ƙarshen tabarma kuma ga wasu ƙartai masu kaurin wuya sun haɗa gwiwa sun zauna, sun rasa inda za su sa hannuwansu. Waɗannan 'yan ɗaga ƙarfensa ne. Ɗaya daga cikinsu, ɗan dako ne a Bompai, mutumin da ke saɓa buhu biyu ya hau mota da su, ya rufe fuska da hula yana kuka kamar an yi wa yaro allura. Ba wanda ya yi masa dariya.

Sai danginmu na ƙauye. Su addu'arsu da jela take zuwa.

"Allah ya jiƙansa," in ji wani ƙanen kakanmu, "ya kuma yafe masa abin da ya jawo wa ɗan 'yar'uwarsa."

"Ai mantuwa ce, ba da gangan ba," wani ya ce.

"Mantuwa mai tsada dai."

Inna kuwa, mahaifiyata, ba ta zo ba. Daga Na'ibawa zuwa Panshekara ba wata tafiya ba ce. Da na kai mata labarin rasuwar tana tsince wake, ta ce, "Allah ya jiƙan musulmi," ta ci gaba da tsintarta. Shekara tara ke nan rabonta da amsa sallamarsa.

Wannan "ya yafe masa" da na ji a bakin dangi ita ta sa na ɗauki biro. Ba na so a tuna Kawu da mantuwa, domin a iya sanina bai taɓa manta ko allura ba.

Bayan gidansa akwai wani fili da ya kewaye da langa-langa. Nan ne wajen ɗaga ƙarfe. Duk kayan da ke ciki shi ya haɗa su da hannunsa daga tarkacen injuna: doguwar sandar ƙarfe, da faya-fayan ƙarfe masu rami a tsakiya da ake zura mata, da dirkoki biyu da ake ɗora ta. In an tashi daga aikin safe, ma'aikata daga Sharada da Challawa sukan taru, wasu da ƙurar auduga a gira, wasu da warin majema da ko sabulu ya haƙura da shi. Ba ya karɓar ko kwabo. In an gama, ya zura sarƙa ta cikin ramukan faya-fayan, ya datse da kwaɗo, ya kai makullin ɗakinsa ya rataye a ƙusa bayan ƙofa. Kullum haka, ko da ruwa ake yi.

A duk abin da ake yi a filin nan, tsugunno ya fi ɗauka da zafi. Mutum ya saɓa sanda a bayan kafaɗu, ya tsuguna da ita, ya miƙe. Yakan ce sauran duk ado ne, wannan shi ne aikin, kuma shi ne mai kisa. Ba ka taɓa sanda da silifa a ƙafa. Ba ka taɓa ta sai ka zagaya filin jikinka ya yi ɗumi. Ganguna biyu cike da yashi suna tsaye hagu da dama, don in nauyi ya fi ƙarfinka ka sake shi a kansu. Mutum biyu kuma su tsaya a bakin sandar, ɗaya nan ɗaya can, kuma ba a yi musu hira.

"Wai me ke ba ku wuya?" yakan ce. "Duk cikinku wa bai iya tsugunawa gaban uwarsa ba? Haka za ka yi. Ware ƙafa daidai kafaɗa. Dunduniya a ƙasa. Gwiwa ta bi babban yatsa, kada ta shige ciki. Ƙirji sama, cika ciki da iska ka riƙe. Sauka a hankali, gaisuwa ka zo yi ba faɗuwa ba."

In ya ga wani ya gantsare ko ya lanƙwasa baya, ba ya tsawa. Sai ya matso ya ce, "Malam, bayan nan naka ne ko na aro? In na aro ne ci gaba."

Sai maganar turmi. Wani tsohon turmi ne na matarsa, wadda muke kira Gwaggo, ya tsage ta gefe ta daina daka da shi. Kawu ya rage masa tsawo, ya kife shi a tsakanin gangunan nan biyu. Dokarsa ita ce, duk wanda ya yi kwana arba'in bai zo ba, ko jinya ce, ko noma, ko tafiya, to baƙo ne. Baƙo kuwa da sanda zalla zai fara, ba faifai ko ɗaya, ya sauka har ya taɓa turmi, ya ɗan tsaya, ya miƙe. Mako biyu yana haka. Daga nan a ƙara masa ƙaramin faifai, bayan mako a ƙara wani. Ko kai ne sarkin ƙarfi kafin ka tafi, hanyar ke nan.

"Zuciya ce ke tuna nauyin bara," in ji shi. "Ƙugu da gwiwa ba su da wannan tunanin. Su abin da aka yi jiya kawai suka sani."

Matsalar ita ce kowa ya taso da jin cewa namiji ba ya zama a kan turmi. Wasu su ce yana kashe ƙarfin namiji, wasu su ce ba za ka haihu ba, wasu ma ba su san dalili ba, sun dai san ba a yi. Ka ga ƙato yana zagaya turmin nan yana hararsa. Kawu ya ce, "Ni 'ya'yana shida, kuma kullum sai na zauna a kai. In ya rage mini wani abu, to ya kyauta, da yanzu gidan nan bai ishe mu ba." A yi dariya, mutum ya daure ya sauka. In ya miƙe, Kawu ya dafa shi ya ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Wana shi ne ɗan farin Inna. Yaya nake ce masa. Shi ya riga ni zuwa Kano, yana lodin fatu a wata majema a Sharada, ni kuma daga baya na samu aiki a ɗakin rini na masaƙar su Kawu. A filin nan ba wanda ya kai Yaya. Faifai huɗu manya kowane gefe yake tsugunawa da su, sandar har tana ɗan lanƙwasa, mutane na leƙe ta saman langa-langa. Ina alfahari da shi ƙwarai, kuma ina tsoronsa daidai da haka. Tun muna yara in ya ce mini kawo, ban taɓa tambaya don me ba.

Sai ciwon shawara ya kama shi. Aka kai shi ƙauye, ya yi wata biyar yana shan saiwoyi. Ya dawo idonsa ya washe, amma rigarsa ta yi masa yawa. Ranar da ya shigo filin aka yi ta murna, ya wuce kai tsaye wajen manyan faya-fayai. Kawu ya sa ƙafa ya taka sarƙar.

"Sannu da zuwa, baƙo. Ga turmi can."

Yaya ya yi dariya, yana zaton wasa ne. "Kawu, ni ne fa."

"Na gan ka. Wata biyar."

"Ku duba, Kawu, na warke sarai. Ku bar ni ko biyu-biyu in gwada."

"Sanda zalla, mako biyu."

Akwai wani sabon yaro a lokacin da ya fara ɗaga uku-uku, ana ta zuga shi, kuma yana tsaye yana kallo. Na ga wuyan Yaya ya kumbura. Abin da ya fito daga bakinsa har yau ina jin nauyinsa, domin ranar ya ajiye "ku" ɗin girmamawa ya ce wa Kawu "ka".

"Ka rasa wanda za ka zaunar a turmin matarka sai ni? A gaban yaran nan? Ni ba mace ba ne."

Kawu ya dube shi ya daɗe. "Uwarka a turmi ta daka abin da ka ci ka yi wannan ƙirjin," ya ce. "Muddin makullin nan na hannuna, ba za ka ɗauki abin da zai ɗauke ka ba."

Yaya ya fice. Ni kuma, don a san irin mutumin da ke wannan rubutu, ina cikin waɗanda suka ce a bayan ido Kawu ya cika tsanani.

Bayan kwana uku aka mayar da Kawu aikin rana, filin ya zama ba kowa da la'asar. Da la'asar Yaya ya same ni a ɗakinmu ya ce in tashi mu je. A hanya ya gaya mini abin da zan yi: in shiga gidan kamar na zo shan ruwa, in zaro makullin daga ƙusa. Na ce, "Yaya, Kawu fa." Ya ce, "Ni da na goya ka zan roƙe ka?" Shi ke nan gardamar da na yi. Shekarata ashirin da huɗu a lokacin, da gemuna, ni ba yaro ba ne balle in ce ban san abin da nake yi ba.

Na shiga, na gaida Gwaggo tana tankaɗe a tsakar gida, na sha ruwa, na faɗa ɗakin na fito. Mu biyu ne kaɗai a filin. Yaya ya sa ƙafa ya ture turmin ya gangara gefe. Gangunan yashin ma ya ce in ja su baya, wai suna takura masa. Na ja. Ni na zura faya-fayan da hannuna, huɗu nan huɗu can. Bai zagaya fili ba, bai cire silifa ba.

Ya ɗauko sandar daga dirka, na ga ƙafafunsa na rawa tun kafin ya sauka. Ya sauka da sauri. A ƙasa dunduniyarsa ta ɗaga, gwiwoyinsa suka shige ciki, bayansa ya lanƙwashe. Ina tsaye a bayansa ni kaɗai, na kama sandar, amma mutum ɗaya ba ya riƙe wannan nauyin. Ba gangar da za ta tare. Ƙarfen ya ninke shi, na ji wata ƙara marar ƙarfi, kamar an taka busasshen kara. Bai yi ihu ba. Da na ture sandar, ya dube ni ya ce, "Ina ƙafafuna?"

Maƙwabta suka shigo aka ɗauke shi a kan ƙyaure. Cikin wannan rububin na koma cikin gida na mayar da makullin kan ƙusa. Wana yana kwance a kan ƙyaure, ni kuma abin da ya zo mini a rai ke nan.

A asibiti aka ce ƙashin baya ne, kuma ba zai sake takawa ba. Maɗora uku aka kawo daga baya, duk maganarsu ɗaya. Inna ta zo daga ƙauye washegari. A barandar asibiti, gaban dangi, ta tambaya yadda aka yi marar lafiya ya kai ga ƙarfe, alhali an ce kullewa ake yi. Kowa ya dube ni. Na ce, "A buɗe muka tarar da kwaɗon."

Kawu yana tsaye da kayan aikinsa, ko gida bai koma ba. Ya dube ni sau ɗaya, ya sunkuyar da kai.

"To, ni ne," ya ce. "Na manta ban kulle ba."

Inna mace ce mai alkunya irin ta da. Ba ta taɓa kiran sunan ɗan farinta ba, ba ta taɓa nuna tana sonsa a gaban mutane ba, "yaron nan" kawai take cewa. Ba ta da hanyar yin kuka a kansa. Duk abin da ta tara a ciki sai ta juye shi a kan ƙanenta. Ta ce, "Na ba ka amana ka karya mini ita gida biyu. Tsakanina da kai sai a gaban Allah." Daga ranar ba ta ƙara ce masa uffan ba.

Muka kama gida a Na'ibawa, Inna ta tare don jinya. Kawu ya ƙera keken guragu da bututun ƙarfe, ya kafa wa Yaya sanda a saman gado don ya riƙa jan jikinsa. Duk Juma'a bayan masallaci sai ya zo ya tsaya a soro ya yi sallama. Inna ba ta amsawa, sai ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Ya jira kaɗan, ya sake yi, sannan ya shigo. Shi yake yi wa Yaya wankan Juma'a. Ina kallonsa ya ware ƙafa, ya tsuguna a bakin gado, dunduniya a ƙasa, ƙirji sama, ya cika ciki da iska, ya ɗauko ƙaton mutumin nan ya miƙe da shi. Ko sau ɗaya ban ji ya ce masa "ai na gaya maka" ba.

Filin kuwa bai rufe ba, ko da yake dangi sun so haka. Ya ce in ya rufe, yaran za su je bayan kwata su ɗaga ba mai duba su. Ya dai ƙara kwaɗo na biyu, mutane suka ce ka ga, ya san ya yi sakaci. Turmin ya koma wurinsa. Daga lokacin ba a ƙara samun wanda ya yi gardamar zama a kai ba.

Yaya ya yi shekara shida a kwance. Gyambon kwanciya ne ya ƙarasa shi. Sau ɗaya na ce masa zan faɗa wa Inna gaskiya, ya ce, "Bar maganar nan, ni na sa ka." Na kama wannan na riƙe kamar wanda aka ba izini. Bayan rasuwarsa Kawu bai daina zuwa ba. Shekara uku yana tsayawa a soro duk Juma'a, ya yi sallama sau biyu, tari ya sarƙe shi, ya juya ya tafi. Sau da yawa ina cikin gidan. Nakan fito in raka shi bakin titi muna hirar aiki, a raina ina cewa tsohon nan ya yarda shi ya manta, kuma na bar shi da wannan. Ban san sunan da ya dace da ni ba in ba matsoraci ba.

Ran kwana uku da rasuwarsa Gwaggo ta aiko a kira ni. Tana zaune a ɗaki cikin takaba, na tsuguna daga bakin ƙofa na yi mata gaisuwa. Ta ce Kawu ya bar wasiyya a ba ni turmin da makullan filin.

"Gwaggo, ni ban cancanta ba," na ce.

"Na sani," ta ce. "Ai na gan ka ranar. Ina tankaɗe ka shiga ka ɗauka, na ɗauka shi ya aiko ka. Na kuma ga lokacin da ka mayar. Tun kafin ya wuce asibiti na tare shi a hanya na gaya masa."

Ashe da ya dube ni a barandar nan ya riga ya sani.

"Na ce masa ya faɗa, ya ƙi. Ya sa na rantse. Ya ce, 'Yar'uwata 'ya'ya biyu gare ta. Ƙarfe ya karya ɗaya. In ta ji wannan ta rasa na biyun. Ni ƙane ne, ana iya rayuwa ba ƙane.'" Ta gyara mayafinta. "Rantsuwar ta tsawon ransa ce. Yau kwana uku ina jin danginku suna roƙa masa gafarar abin da bai yi ba. Ni dai na sauke. Sauran naka ne."

Na daɗe a filin ina zaune a kan turmin. Na san abin da Kawu ya saya da shekara tara na shiru, na san kuma in na buɗe baki zan iya zubar da shi. Amma wanda aka rufe shekaranjiya ba shi da sauran abin da ya mallaka sai sunansa. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya sauke masa kowane nauyi kamar yadda ya ɗauke wa wasu nasu. Ku da kuka zo gaisuwa kuka ce a yafe masa mantuwa, ku mayar da wannan addu'ar kaina, ni ke bukatarta.

Ran Juma'a bayan masallaci na tafi Na'ibawa. Inna tana zaune a tabarma a tsakar gida da carbi. Na cire takalmi na tsuguna a gabanta, na faɗa mata komai: ƙusa, da ruwan da na sha, da gangunan da na ja, da faya-fayan da na zura, da abin da Kawu ya ce wa Gwaggo. Ban rage ko ɗaya ba. Na ce, "Inna, ku yi mini duk hukuncin da kuka ga dama."

Ba ta dube ni ba. Carbin ya tsaya a hannunta. Muka daɗe haka har ƙafafuna suka mutu, ban motsa ba.

"Yanzu ne lokacin da yake zuwa ko?" ta ce.

Na ce, "Yanzu ne."

Ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar. Ta wuce ni, ta taka har bakin soro, inda ba kowa sai tabarmar da aka jingine. Ta tsaya tana kallon wurin da yakan tsaya. Muryarta ba ta fita sosai, amma na ji.

"Wa alaikumus salam," ta ce. "Shigo."